Sharhi: ganin dorina a Wechiau, a hannun masu ƙasa

Wanda ya saba da gandun dajin gwamnati, mai ƙofa da ma'aikata cikin kaki, zai ga abin daban a Wechiau. Wannan gari yana yammacin birnin Wa, a arewa maso yammacin Ghana, kuma mafakar dorinar da ke can ta mutanen wurin ce. Sarakunan yankin da talakawansu ne suka kafa ta a 1998, suka keɓe kimanin kilomita 40 na bakin kogin Black Volta, wanda ya raba Ghana da Burkina Faso a wannan gefen. Ni daga zangon Kumasi na tashi, wani biki ya kai ni Wa, na ce ba zan koma ban leƙa ba.

A ofishinsu na cikin gari ake biyan kuɗi, a haɗa ka da ɗan rakiya, sannan ku kama hanyar ƙasa zuwa Talawona, inda masauki yake kusa da ruwa. Ɗan rakiyarmu yaron ƙauyen ne, kuma ya san aikinsa. Tun kafin mu isa gaɓa ya nuna mana sawun dorina a cikin taɓo, faffaɗa mai yatsu huɗu, da wurin da ta yi kiwo cikin dare.

Da sanyin safiya aka sa mu a kwalekwale. Ba inji, filafili ne kawai, don haka sai ka ji komai. Mun ɗan jima muna tafiya kafin matuƙin ya tsaya, ya yi nuni da haɓa. Da farko ban ga komai ba sai wasu baƙaƙen abubuwa a kan ruwa. Can sai kunne ya kaɗa, hanci ya feso ruwa, kawuna suka fito ɗaya bayan ɗaya. Wani daga cikinmu ya ce a ƙara matsawa don hoto. Matuƙin ya ce, "Malam, yi haƙuri, nan ne iyakarmu." Wallahi na ji daɗin wannan ƙin. Dorina ba abar wasa ba ce, kuma a duk Ghana a wuri biyu kaɗai ta rage, nan da gandun dajin Bui.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne da Hausa muka yi hirar cikin jirgi. Akwai Hausawa masunta da suka daɗe a bakin wannan kogi, suna zaune tare da ƙabilun Wala da Dagaaba da Birifor. Na tambayi matuƙin ko dokar wurin ba ta takura musu ba, tunda an hana noma da farauta da sare itace a zirin da ke bin gaɓa. Ya ce ta takura mana, ba zai ɓoye ba, amma kuɗin jirgin nan a hannun 'yan gari yake tsayawa, kuma ga rijiyoyin burtsatse da makarantu da fitilun sola da suka shigo ƙauyuka ta dalilin mafakar. Gidan zoo na Calgary a Kanada ya daɗe yana tallafa wa mafakar, kuma a 2008 ta samu kyautar Equator ta Majalisar Ɗinkin Duniya.

Sai dai a ganina baƙi kaɗai ba za su riƙe ƙauyuka 17 da ke yankin mafakar ba. Baƙo yau ya zo, gobe babu. Abin da ya fi ƙarko shi ne kaɗanya: matan yankin suna tsintar ta a ƙungiyance, ana sayen ta a matsayin wadda ba ta taɓa maganin feshi ba, wani kaso na kuɗin yana komawa wajen kula da mafakar. Na sayi man kaɗe a hannunsu, kuma ban yi ciniki ba. Kai ma kada ka yi.

Masauki na ƙauye ne: gado, gidan sauro, ruwa a bokiti. Wanda ke neman na'urar sanyaya ɗaki ya kwana a Wa. Ni dai barcina ya yi daɗi, kuma tsuntsaye ne suka tashe ni sallar asuba. Sun haura kala 200 a wurin.

Inda aka ɓata mini rai shi ne mota. Direban da muka ɗauka shata daga Wa, bayan mun gama magana, sai da muka yi nisa ya ce hanya ta fi yadda ya zata, a ƙara masa. Ku yanke kuɗin zuwa da dawowa da na jira tun a tasha, a gaban shaida.

Ku je da rani, lokacin da ruwa ya janye dorinar ta taru a wurare masu zurfi. Da damina kogi yakan cika, ganinta sai an dace. Ku riƙe tsabar sidi da ruwan sha da hula, ku kwana a can don ku riski jirgin safe. A goma na ba su takwas.