Na'urar neman sigina mai allura: abin da na gani a saman ɗakina

Iskar farkon damina ce ta karkatar mana da kwanon satalayit a gidanmu da ke Kano, muka wayi gari talabijin ba hoto. Mai gyaran da na saba kira ya yi tafiya, don haka na shiga kasuwar Sabon Gari na sayo 'yar na'urar nan ta neman sigina, mai allura da ƙugi, wadda ba ta wuce tafin hannu ba. Wata uku ke nan ina amfani da ita.

Haɗa ta ba wuya. Baki biyu gare ta, ɗaya ka sa wayar da ta fito daga dikoda, ɗayan ka haɗa da guntuwar waya zuwa LNB, wato ɗan kan nan da ke fuskantar kwano. Ba ta cin batir, daga dikoda take shan wuta, don haka dole a bar shi a kunne. Amma a kashe shi kafin a ɗaura ko a kwance waya, domin akwai wutar volt 13 ko 18 a cikinta.

Tauraron ɗan'adam ɗin da nake nema shi ne Eutelsat 16A, wanda ke digiri 16 gabas. Daga Kano yana kudu maso gabas, kuma ya yi sama sosai, kusan digiri 73. Na hau tsani bayan la'asar, na sassauta noti, na fara juya kwano a hankali. Ba a jima ba allura ta buga ƙarshe, na'ura ta ɗauki ƙugi. Na ɗaure noti na sauko ina murna, na tarar da allo yadda na bar shi.

A nan na gane babban raunin wannan na'ura. Ba ta san sunan tauraro ba. Duk taurarin talabijin a jere suke a layi ɗaya a saman tsakiyar duniya, nisan kimanin kilomita 35,786, wasu ma tazarar digiri biyu ko uku ce tsakaninsu. Kowanne ta ci karo da shi za ta yi masa ƙugi, ko na 26 gabas ne, ko na 36 gabas da masu DStv ke fuskanta. Har bango ko ganyen bishiya idan kwano ya kalle su kusa allurar takan motsa. Wanda bai san haka ba zai wuni a rana yana zagin dikodansa, alhali ba laifinsa ba ne.

Da na koma sai na zaunar da ɗana a gaban talabijin, na buɗe masa shafin da ke nuna layuka biyu, na ƙarfi da na inganci. Layin ƙarfi yakan cika ko da kwano bai dace ba, muddin waya da LNB lafiya suke. Na inganci shi ne mai gaskiya. Ni kuma a sama, duk lokacin da allura ta cika sai in rage maɓallinta ta dawo tsakiya, in ƙara motsa kwano kamar faɗin ƙwayar gero, in dakata. Dikoda yana ɗaukar 'yan daƙiƙu kafin ya nuna, mai gaggawa zai wuce tauraron bai sani ba. Can sai na ji, "Baba, ya hau! Kar ka taɓa!"

Duk da haka hoton yana yankewa. Abin da ya rage shi ne murɗa LNB a cikin zobensa, kaɗan zuwa nan, kaɗan zuwa can, kuma a wannan aikin allurar ba ta taimake ni da komai ba, layin inganci ne ya yi mana jagora. Na kuma tarar ruwa ya shiga kan wayar har ya yi tsatsa, na yanke na sa sabo, na naɗe shi da salatif. Ɗaure noti ma sai da lura: idan ka ƙarasa gefe ɗaya kafin ɗayan, kwano zai ja, abin da ka samu ya ragu.

Ga mai kwano ɗaya a gida, na'urar ta ci kuɗinta, domin tana gaya maka ka zo kusa ba tare da ka ɗauko talabijin zuwa tsakar gida ba. Wanda yake sana'ar haɗa kwano kuwa, gara ya ƙara kuɗi ya sayi mai allo, wadda ake shigar mata da lambobin tasha ta tantance tauraron da kanta. Tun ranar ban sake hawa ba sai sau ɗaya, da na sare reshen darbejiya da ya tare gaban kwanon. Idan hadari ya yi baƙi ruwa ya kece hoton yana ɗaukewa, ya dawo da kansa bayan an ɗauke.