Common Sense Media da littattafan yara masu maganar sauya jinsi

Ranar da 'yata mai shekara 7 ta dawo daga makaranta da wani siririn littafi mai hotuna, wanda labarinsa ya tsaya kan yaron da aka haifa namiji amma yake jin cewa shi mace ne, a tsaye na buɗe shafin Common Sense Media a waya tun kafin ta cire takalmanta. Shafin na wata ƙungiya ce da ba ta neman riba, wadda Jim Steyer ya kafa a San Francisco a 2003, kuma aikinta shi ne auna littattafai da finafinai, ta faɗi shekarun da take ganin sun dace da su.

Abin da ya fi amfanata shi ne bayanin da ke ƙarƙashin lambar shekarun, inda ake warware littafi gaɓa-gaɓa: tashin hankali, soyayya, kalamai, da saƙon da marubuci yake son isarwa. Cikin minti biyar na san abin da ke ciki, na kuma shirya wa tambayoyin da za ta yi mini bayan cin abincin dare. Sashen ra'ayoyin iyaye ma ya gamsar da ni, domin a can na ga masu cewa littafin ya hana a tsangwami ɗansu a aji, ga kuma masu cewa an yi wa yaro garaje da maganar da ba ta kai gare shi ba.

Lambar shekarun kuwa, ina ɗaukarta da taka-tsantsan. Tana auna fahimtar yaro ne, ba ta auna tarbiyyar gidansu ko addininsu, kuma a nan ne rikicin yake. A gundumar Montgomery ta jihar Maryland, hukumar makarantu ta soke damar da iyaye ke da ita ta fitar da yaro daga darasin da ake karanta irin waɗannan littattafai a 2023, sai iyaye Musulmi da Kirista suka kai ƙara, har Kotun Ƙolin Amurka ta ba su gaskiya a watan Yunin 2025 da rinjayen alƙalai 6 a kan 3.

A shafin Common Sense Media, sharhi kaɗan ake karantawa kyauta a wata, sauran sai an biya. Ni na biya, kuma a daren nan na karanta littafin da kaina tun daga bango har bango kafin na zauna da ita.