Omron M3, na'urar awon tansiyon a gida: amfaninta ga wanda korona ta taɓa kwantarwa, da inda ta gaza

Tun da aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Yamai ranar 19 ga Maris 2020, ciwon ya zo ya lafa, takunkumi ya koma ƙasan akwati, amma bai bar jikin kowa yadda ya same shi ba. Ƙwayar ba huhu kaɗai take taɓawa ba. Tana shiga ta wata ƙofa da ake kira ACE2, wadda ake samu har a bangon cikin jijiyoyin jini. Bangon ya kumbura, jini ya fara gudaji, gudajin kuwa in ya toshe hanyar ƙwaƙwalwa shi ne shanyewar ɓarin jiki, AVC a bakin ma'aikatan likita. A Afrilun 2020 likitocin asibitin Mount Sinai na Amurka suka ba da labarin mutum 5 masu korona, duk ba su kai shekara 50 ba, da babbar jijiya ta toshe musu. A 2022 wani bincike kan tsoffin sojojin Amurka sama da 150,000 ya nuna haɗarin AVC ya ƙaru da kashi 52 cikin ɗari a shekarar da ta biyo bayan kamuwa. Galibinsu dattawa ne maza, don haka kada matashi ya ɗauki adadin kamar nasa ne. Haɗarin ya fi tsanani a makonnin farko, kuma ya fi bin wanda ciwon ya kai shi gadon asibiti.

Gudajin jini ba a auna shi a gida. Hawan jini kuwa, wanda shi ne uban tafiya a harkar AVC, ana auna shi, kuma a kansa korona take ɗora nata kayan. Nan Omron M3 ta shigo.

Ta damtse ce, ba ta wuyan hannu ba, wannan kaɗai ya sa ta gaban ƙananan nan masu kama da agogo, waɗanda da an ɗan karkata hannu sai su yi ƙarya. Babban abin yabonta ɗamarar ce: tana ɗaukar damtse daga santimita 22 zuwa 42. Ƙanwarta M2 Basic a 32 take tsayawa, kuma ɗamarar da ta yi wa mutum kaɗan ƙara masa lamba take yi, har a ɗora wa hajiya mai ƙiba maganin da ba ta bukata. Kafin a biya kuɗi a karɓi ma'aunin tela a zagaya tsakiyar damtse. Tana ajiye awo 60 ga mutum na farko, 60 ga na biyu, wato maigida da uwargida ba za su cakuɗa lambobinsu ba in dai ana tunawa da sauya maɓallin. Pil huɗu take ci, girman AA. Wayar kuran daban ake sayenta, kuma da yadda wuta ke ɗaukewa lokacin zafi ba mu ga dalilin wahalar nemanta ba. A dai guji pil ɗin tebur masu arha, sukan yi ruwa su cinye ƙarfen ciki.

Aibinta na farko namu ne na Sahel. Kamfanin ya ce ta yi aiki tsakanin digiri 10 da 40. A Yamai ko Tawa, Afrilu da Mayu, ɗakin kwano ya wuce haka tun kafin azahar. Awon asuba da na bayan isha'i ba matsala, na tsakar rana ne abin shakka, wadda aka manta a mota kuma sai ta huce a inuwa tukuna. Na biyu ƙurar hunturu: tana cika mannen ɗamarar har ya daina kamawa, sai ka ji ta warware ana tsakiyar hurawa. A riƙa mayar da ita jakarta, mannen a share shi da tsohon buroshin haƙori. Na uku, ba ta magana, allon lambobi ne da ƙananan zane, tsohon da ba ya karatu sai da ɗa ko jika a kusa.

Yawancin lambobin banza ba laifin na'ura ba ne, laifin zama ne. Awo a kan tabarma, ƙafa a naɗe, hannu na reto, ba awo ba ne. A sami kujera mai jingina, tafin ƙafa biyu a ƙasa, hannu bisa tebur daidai da ƙirji. Minti 30 kafin nan ba shayi, ba goro, ba taba, a kuma yi fitsari. A zauna shiru minti 5. Hannun riga ba naɗe shi ake yi ba, don naɗin yana shaƙe damtse. Fitar da hannun ake yi gaba ɗaya. Bakin ɗamarar ya tsaya santimita 1 zuwa 2 sama da lanƙwasar gwiwar hannu, tiyon ya bi ta cikin hannu. Ko sallama aka yi, amsar ta jira. In allo ya nuna E1, iska ba ta shiga, a duba bakin tiyon. E4 motsi ne ko surutu.

Tsarin da likitocinmu suka saba da shi shi ne uku-uku: awo 3 da safe kafin karin kumallo da shan magani, 3 da dare kafin kwanciya, minti ɗaya zuwa biyu a tsakani, kwana 3 a jere. A rubuta duka 18 ɗin a kai wa likita. Abin da ke rikita mutane: majo yakan ce "sha huɗu da tara", na'ura kuma ta rubuta 140 da 90. Abu ɗaya ne, sifiri aka cire. Iyakar gida 135 da 85 ce, ƙasa kaɗan da ta asibiti.

Akwai alamar zuciya da ke fitowa in bugun bai tafi daidai ba. Tana da daraja ga wanda ya yi korona, domin rikicewar bugun zuciya na iya biyo bayan ciwon, ita ma kuma tana haifar da gudaji. Sai dai alamar tuhuma ce, ba hukunci ba. In tana maimaituwa, a je a ɗauki hoton bugun zuciya, ECG.

Inda ba ta da wani amfani shi ne ranar da abin ya faru. Baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe ko ido ya dushe farat ɗaya: ba lokacin neman pil ba ne. A duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, a nufi asibitin da ke da sikana, na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, a Yamai irin Babban Asibitin Ƙasa ko na Referans. Maganin narkar da gudaji awa 4 da rabi kawai yake da su. Kada a ba da aspirin, don in jijiya fashewa ta yi ba toshewa ba, ƙara zubar jinin zai yi, sikana ce kaɗai ke bambancewa. Kada a ɗura ruwa ko rubutu, haɗiya na iya lalacewa ya zarce huhu. Kada kuma a yi gaggawar sauke tansiyon da ƙwaya don an ga 190 a allo. Ko alamun sun wuce cikin minti goma, tafiyar tana nan.

Ga mai hawan jini, mai ciwon suga, ko wanda ya haura 50 kuma korona ta taɓa kwantar da shi, ta cancanci kuɗinta. A saye ta a farmasi da takardar garanti, don na jabu sun yi yawa a tebura, kwalinsu kamar na gaske. Ranar ganin likita a tafi da ita, a auna da ita a auna da tasu a hannu ɗaya, a ga ko bakinsu ya zo ɗaya.