Na 1981 ko na 2008: wanne za a nuna wa ɗalibai?

Malama, kin tambayi wanne ya fi dacewa ki nuna wa ɗalibanki na babbar sakandare tsakanin fina-finan The Wave na 1981 da Die Welle na 2008. Na farkon nake ba ki shawara, duk da cewa na biyun ya fi shi daɗin kallo nesa ba kusa ba.

Tushensu ɗaya ne. A 1967 wani malamin tarihi, Ron Jones, na makarantar Cubberley da ke Palo Alto a jihar Kalifoniya, ya rasa yadda zai fahimtar da ajinsa dalilin da ya sa Jamusawa suka bi Hitila ido rufe. Sai ya kafa musu ƙungiya mai gaisuwarta da takenta da katin shaida. Cikin kwana 5, abin da aka fara da yara kusan 30 ya kai wajen 200, dole ya taka masa birki.

Na 1981 a Amurka aka yi shi don tashar talabijin ta ABC, bai ma kai awa ɗaya ba. Hoton ya tsufa, wasan wasu daga cikin yaran kuma sai a hankali. Amma ya bi abin da ya faru sau da ƙafa: yadda ake miƙewa tsaye kafin a ba da amsa, da katunan da aka yi wa jan alama don masu su su riƙa kai rahoton abokansu.

Na 2008 kuwa Dennis Gansel ne ya ba da umarni, ya mayar da labarin Jamus ta yau, kuma ya ninka na farkon sau biyu a tsawo, har ya ɗara. Ɗalibai suka ce wa malaminsu Rainer Wenger ai mulkin kama-karya ba zai sake yiwuwa a ƙasarsu ba, shi kuma ya ɗauki mako guda yana gwada su. Inda ya yi wa na farkon fintinkau shi ne nuna zaƙin abin. Akwai wurin da ajin duka ke buga ƙafa tare har rufin ajin da ke ƙasansu yana girgiza, suna dariya. Kowa ya sa farar riga, wata ɗaliba mai suna Karo ta zo da ja, nan take malamin ya daina ganin hannunta idan ta ɗaga. Tim, yaron da ba mai kula shi, ya wayi gari da masu tare masa faɗa. Mai kallo ma sai ya ji ƙungiyar ta burge shi.

A ƙarshen ne suka raba hanya, ki yi haƙuri zan tona. A na 1981 malamin ya tara su a zaure da alkawarin za su ga shugabansu na ƙasa, sai ya haska musu Hitila. Babu wanda ya tsira daga kunyar, don kowa da ƙafarsa ya zo. A na 2008 Tim ya zaro bindiga ya harbi wani ɗalibi, ya kashe kansa, 'yan sanda suka tafi da malamin. Wannan ƙari ne na masu fim, ba a harbi kowa a Palo Alto ba. Kuma a ganina bindigar ta ɓata darasin: yaro zai fito yana cewa ai Tim ne ba shi da cikakken hankali, sauran fararen rigunan kuma sun sha ke nan.

Ban da haka, na 2008 da Jamusanci yake, sai an bi rubutun ƙasa, ga kuma wuraren casu da shaye-shaye da iyaye ba za su so ba. Shi ki kalle shi ke kaɗai don shirya tambayoyi. Na 1981 zai shiga cikin darasi biyu a jere har da tattaunawa. Idan an zo wurin raba katunan nan, ki tsayar da fim ɗin ki tambaye su wa zai karɓi mai jan alama.