Kamun Kifi da Dare: Daga Gaɓa ko Cikin Kwalekwale?

A lokacin zafi kifaye kan lafe a zurfin tafki da rana, sai dare ya yi ruwa ya huce sannan su matso gefe neman abinci. Wannan ne ya sa nake ganin mai zama a gaɓa ya fi morewa, domin tarwada, wadda ke lalubo koto da gashin bakinta ko a cikin duhu, takan zo har inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Abin da yake buƙata bai wuce fatsa da tana da tocila ba, sai kuma haƙurin jure cizon sauro.

Mai kwalekwale kuwa yana isa wuraren da ƙafa ba ta kaiwa, kuma idan ya rataya fitila dab da ruwa, ƙwari da ƙananan kifaye sukan taru, manya su biyo bayansu. Sai dai sauti yana tafiya cikin ruwa da saurin kusan mita 1,500 a daƙiƙa, saboda haka gwangwanin koto guda da ya faɗi a ƙasan jirgi ya isa ya watsa taron. Ga kututturen da ba a hangowa cikin duhu, shi ya sa rigar ceto ta zama dole.