Yaya ga bayanin ɗakin da nake haya a Seoul, ka karanta wa Auta

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kun wuni lafiya, ya jikin Umma, ya Anti da yara. Na ga saƙonka tun shekaranjiya kan maganar Auta da yake ta ƙoƙarin tahowa nan Koriya karatu, kace in faɗa maka gaskiyar yadda zaman yake musamman wurin kwana da tsadar rayuwa, toh ban samu zama ba sai yau, kuma kasan awa 8 ne tsakaninmu, lokacin da kuke zaune kuna hira bayan la'asar ni nan dare ya raba, shi yasa na ce gara in rubuta a tsanake kawai ku karanta tare.

Irin ginin da nake ciki su nan ofistel suke ce masa, kalmar ofis da otel aka haɗa, don tun asali an yi shi ne yadda mutum zai yi aiki da rana kuma ya kwana a wurin. Dogon bene ne hawa 15 kusa da tashar jirgin ƙasa ta Guro Digital a layi na 2, ni ina hawa na 11. Ƙasan ginin duk shaguna ne, akwai kanti na CU da baya rufewa dare da rana, akwai kemis, akwai wurin shan kofi, da ofishin dillalan gidaje, hawa na biyu da na uku kuma likitan haƙori ne da wani ƙaramin asibiti da wurin lesin na yara. Daga nan sai ɗakuna har sama, kuma ko a hawan da nake ba kowa ne mai kwana ba, ƙofar da ke kallon tawa wani ƙaramin kamfani ne, da safe zaka ga mutum uku sun shiga da katin aiki a wuya da yamma su kulle su tafi. Ka ɗauka kamar a ce an ɗora gidan haya a saman plaza irin na Zoo Road amma da lif da mai gadi da tsafta.

Ɗakin kansa ƙarami ne sosai Yaya, kar hoton da na turo ya ruɗe ku. Su da pyong suke auna wuri, pyong ɗaya mita 3.3 ne murabba'i, nawa bai wuce 7 ba, ɗakin Umma na ƙurya ya fi shi faɗi. Kuma abin da ya kamata Auta ya sani shine girman da suke rubutawa a talla yawanci har da kason baranda da lif da wurin ajiye motoci suke lissafawa, kusan rabi ne kawai naka na zama, don haka ya tambayi girman cikin ɗakin kansa. Kana buɗe ƙofa akwai ɗan wuri da ya ɗan yi ƙasa inda ake cire takalmi, nan ba a shiga da takalmi kamar dai gida, hannun dama bandaki, hannun hagu kicin a jikin bango, murhun lantarki mai kai biyu, a ƙarƙashinsa injin wanki, firji a cikin kabad kamar ba firji ba, esi a sama. Duk waɗannan a ciki na same su, katifa da tukunya da labule kawai na saya. In na shimfiɗa darduma sai na ɗan tura teburi gefe, alƙibla tana kallon taga ne ta yamma, da magariba ina sallah ina ganin fitilun motoci a ƙasa kamar tururuwa. Mukulli babu, lamba ake dannawa a ƙofa ta yi ƙara ta buɗe, shekara biyu kenan ban riƙe mukulli ba. Buta kuwa babu a kasuwarsu, abin ban ruwan fulawa na saya a kantin kayan arha na Daiso na won 2,000, won shine kuɗinsu, shi nake amfani da shi kuma ya yi daidai.

Yanzu maganar kuɗi, nan ne nake so ku nutsu. A gida mun saba ka biya kuɗin shekara ka shiga, nan ba haka bane. Kashi biyu ne, akwai jonse akwai wolse. Jonse shine ka ba mai gida maƙudan kuɗi, wani lokacin ya fi rabin kuɗin gidan gaba ɗaya, ya riƙe shekara 2 baka biyan haya ko sisi, in zaka tashi ya dawo maka da kuɗinka, wannan ba namu bane, kuma a 2022 da 2023 mutane da dama musamman matasa sun rasa kuɗinsu a hannun masu gidajen da suka kasa mayarwa, abin ya yi muni har gwamnati ta yi doka a kai. Namu shine wolse, ka ajiye kuɗin ajiya sannan ka dinga biya wata wata. Ni won miliyan 10 na ajiye, haya kuma 600,000 duk wata. Ku duba canjin yau ku lissafa da kanku don naira bata tsayawa. Wannan miliyan 10 ɗin ita ce take karya baƙo, mutum ya sauka da kuɗin makaranta da ɗan guzuri yana ganin ya shirya, sai dillali ya ce masa kawo ajiya. Shi yasa yawancin yaranmu suke farawa da goshiwon, wani ɗan akurki ne da gado da teburi kawai, wani ko taga babu, bandaki na haɗaka, amma ba a neman ajiya mai yawa, ni ma wata biyar na yi a ciki kafin in tara.

Kuma in zai kama ɗaki, don Allah ya tabbata an yarda ya yi rajistar adireshin a kan katinsa na zama, cikin sati biyu da tarewa ake so a yi, sannan ya kai takardar haya ofishin unguwa su buga masa hatimin kwanan wata, wannan shine yake kare kuɗin ajiyarka in gidan ya shiga rikicin bashi. Na faɗi haka ne don ya taɓa faruwa da ni. Ɗakin farko da na gani ya fi wannan kyau kuma ya fi arha, har na ba da kafin alƙalami, sai ranar sa hannu mai gidan ya ce ta bakin dillali wai kar in yi rajistar adireshi a wurin. Daga baya wani ɗan Ghana da muke sallah tare ya fahimtar da ni, wasu masu ofistel sun yi rajistar ɗakin a matsayin ofis ne don a mayar musu da haraji, in aka ga mutum na kwana a ciki asirinsu ya tonu, toh kai kuma in ka yarda kuɗinka ba shi da kariya kuma takardunka na shige da fice sun samu matsala. Na fasa, sai da na yi kusan sati uku ina zarya kafin a dawo min da abin da na bayar, raina ya ɓaci matuƙa a lokacin don kuɗin gumi na ne. Abu ɗaya da na yaba shine la'adar dillali doka ce ta ƙayyade iyakarta, ba kamar namu da kowa ke yanka son ransa ba.

Bayan haya akwai gwallibi, kuɗin kula da gini, takarda ce ake sakawa a akwatin wasiƙa duk wata an rubuta komai dalla dalla, mai gadi, shara, lif, wutar baranda, ruwa, wutar ɗakinka. Nawa yana kaiwa 120,000 zuwa 150,000, da sanyi ya haura. A ofistel wannan kuɗin ya fi na ƙananan gidajen haya tsada, mutane da yawa basa lissafa shi sai sun shiga. Amma fa Yaya abin da ka biya kana ganinsa. Tunda na zo ba a taɓa ɗauke wuta ba ko na minti ɗaya, ran nan na tuna yadda muke tashi tsakar dare in NEPA ta kawo a yi guga a yi caji a kunna famfo, wallahi sai da na yi shiru. Ruwa na zafi da na sanyi kowane lokaci, ba mai ruwa ba jarka. Intanet kuwa ko a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa baya yankewa.

Abin da ya fi burge ni a duk ginin shine ondol. Bututun ruwan zafi ne aka bi da shi ƙarƙashin daɓen ɗaki, kana danna wani ɗan abu a bango sai ƙasa ta ɗau ɗumi. A watan Janairu sanyi yana sauka ƙasa da sifili da digiri 10, hunturun Kano wasa ne a kansa, kunne kamar zai tsinke, amma kana shigowa ka cire safa ka taka ƙasa sai ka ji ɗumi yana hawa ƙafarka. Na kan tuna Umma da kaskon wuta da ciwon gwiwarta, da za a iya yi mata irin wannan a ɗakinta da ta ji daɗi ƙwarai. Da damina kuma wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa, ɗaki ya yi danshi kaya su ƙi bushewa don ofistel ba shi da baranda ta shanya, a tsakiyar ɗaki nake kafa abin shanya.

Shara ma karatu ce. Ba a zubarwa a kowace leda, sai ledar gwamnati ta gundumarku da ake saya a kanti, tun 1995 suke wannan tsarin, iya sharar da ka tara iya kuɗin da ka kashe. Ragowar abinci daban, roba daban, kwalba, gwangwani, kwali, kowanne da wurinsa a ƙasan gini kuma akwai kyamara. Satin farko na haɗa ɓawon ƙwai da ragowar abinci, mai gadinmu wani dattijo, ajoshi ake ce musu, ya kira ni ya nuna min da hannu cewa ɓawon ƙwai da ƙashi ba sa shiga nan. Bai yi faɗa ba. Tun daga ranar muke gaisawa.

Sayayya kam sai dai a ce masha Allah. In na yi oda a Coupang, kasuwarsu ta intanet, da dare, kafin in fita da safe kwalin yana bakin ƙofa, kuma zai iya wuni a nan ba wanda zai taɓa, na taɓa yin tafiya kwana uku na dawo na samu kayana yadda aka ajiye. Kayan hannu kuma akwai manhajar Danggeun, a nan na samu tukunyar dafa shinkafa da teburi a wurin mutanen unguwa da arha. Jirgi da bas kati ɗaya ne T-money, shiga ɗaya bata kai won 2,000 ba. Asibiti ma in kana da inshorar lafiya ta ƙasa, kuma dole ne ga ɗalibai baƙi tun 2021, ganin likita a ƙasan gininmu kuɗi kaɗan ne, sai dai ba kamar gida ba da zaka shiga kemis ka ce a baka maganin kaza, nan yawanci sai da takardar likita.

Inda gida ya fi su nesa ba kusa ba shine abinci. Naman sa tsada kamar zinare, kankana guda ɗaya da rani ta haura won 20,000, abin da muke saya a bakin titi ana yanka mana. Ga naman alade a cikin komai, har taliyar leda da biskit da alewa sai ka duba bayansu, haruffan da na fara koya da sauri kenan. Naman halal sai na je unguwar Itaewon, in hau jirgin layi na 2 in canza zuwa na 6 a tashar Hapjeong, can ne babban masallacin Seoul yake a kan tudu, tun 1976 aka buɗe shi, kuma shagunan 'yan Pakistan da Larabawa suna kewaye da shi, nan nake sayen kaza da rago daskararru da shinkafa mai tsawo don tasu gajeriya ce mai danƙo, ko da yake ta yi kyau da tuwo sosai, da ita nake tuƙawa. Ranar Juma'a a can nake ganin 'yan uwa, 'yan Najeriya da Nijar da Ghana da Sudan, a nan kawai nake jin Hausa da kunnena ba ta waya ba.

Wannan shine abin da nake so Auta ya shirya masa fiye da kuɗi ma. A hawanmu ƙofa ta fi 20 amma ban san sunan mutum ɗaya ba, a lif kowa kansa na kan waya, ba sannu ba ina kwana, ba wai mugunta bace haka rayuwar ginin take, kowa ya shigo ya rufe. Da azumin bara zazzaɓi ya kwantar da ni kwana biyu, abinci har ƙofa aka kawo, magani yana ƙasa, ɗaki da ɗumi, amma ba wanda ya ƙwanƙwasa ya ce ya jiki. A gida da kafin azahar kunu ya zo daga gida uku. Ranar na yi kewar ku har na yi hawaye. Ajoshi ne kaɗai da ya ganni na sauko ya nuna fuskata ya tambaya ko lafiya, ya miƙo min lemo guda biyu daga aljihunsa.

Don haka shawarata in Allah ya yi tahowar tasa, ya fara zama a hostel ɗin makaranta ko da zango ɗaya ne, ya fi arha kuma zai samu abokai, maganar ofistel sai ya san gari kuma ajiyar ta samu, ko ya zauna wurina na ɗan lokaci mu matsa teburin. Ya taho min da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yajin Umma, a ɗaure su da kyau kuma ya nuna su a kwastan. Kilishi da dambun nama kar a saka ko kaɗan, an hana shigo da nama kuma tara ce mai nauyi a filin jirgi. Ya kuma bar maganar sayen rigar sanyi a Kwari, ta nan ta fi kauri, zan saya masa kafin ya sauka, ka turo min lambar takalminsa da ta riga. A gaida Umma sosai, zan kira ranar Asabar bayan kun yi sallar asuba.