WSET ko Court of Master Sommeliers? Ƙanena, fara da WSET

Ka tambaye ni wanne za ka yi don zama sommelier, wato gwanin zaɓa wa baƙi giyar inabi: kwas ɗin WSET (Wine & Spirit Education Trust, makarantar koyar da ilimin giya) ko na Court of Master Sommeliers (ƙungiyar da ke jarraba masu wannan aiki). Yi WSET mataki na 2, kada ka tsaya dogon shawara. Na ɗauka dai addininka bai hana ka wannan sana'a ba, tunda ka ce kana aiki a ɗakin cin abinci na otal.

WSET tana Landan tun 1969, matakanta huɗu ne, na ƙarshe difloma. Jarrabawar mataki na 2 tambayoyi 50 ne na canki-canka cikin awa ɗaya, ba a gwada ɗanɗano sai a mataki na 3, inda za a ba ka ruwan inabi iri biyu ba suna. Amfaninta gare ni shi ne karanta kwalba. Faransawa ba su cika rubuta sunan inabin ba, sai sunan yankin: ka ga yankin Chablis, ka san inabin Chardonnay ne, Sancerre fari kuma inabin Sauvignon Blanc ne. Wata rana wani baƙo ya yi odar gasasshen kifi da yaji ya ji, ya ce a kawo masa jar giyar Bordeaux ta Faransa. Na ce, ranka ya daɗe, wannan zai ƙara wa barkonon zafi a baki, a gwada Riesling na yankin Mosel a Jamus mai ɗan zaƙi, mai sanyi. Ya yi mini kallon raini, ya kurɓa, ya yi shiru. Tun daga nan in ya zo, ni yake nema, manaja kuma ya bar mini tsara jerin giyar gidan.

Court ɗin kuwa, ba laifi. Tun 1977 suke, kuma a matakin Certified suna duba yadda kake riƙe tire da buɗe shamfen a gaban baƙo. Amma ba na ba ka shawarar yin nasu sai in Landan ko Dubai ka nufa, kuma aljihunka zai ɗauki kuɗin jirgi.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu tallan satifiket a WhatsApp, wai ba sai ka zauna jarrabawa ba. Damfara ce. WSET tana da jerin cibiyoyin da ta amince da su a shafinta. In sunan cibiya ba ya ciki, kada ka tura ko sisi. Haka masu kawo wa otal kaya: kwalbar da ka ga ta yi yoyo a wuya ko toshiyarta ta turo sama, zafi ya dafa ta a sito. Mayar musu tun kafin ka sa hannu a takarda.